Labarin ciki a tambayi fuska: yadda ake duba kai da wuyan bisa

Darasinmu na wannan karo a kan kai da wuyan bisa ne: abin da ke cikinsu, yadda ake duba su bi da bi, da abin da kowace alama ke nufi. Ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ido, hannu, hanci, sabulu da minti biyar sun wadatar.

Bara da sanyi wani dattijo, ma'ajin wata ƙungiya, ya kira ni daga Tchibarakaten. Ƙungiyarsu ta haɗa kuɗi ta sayi awaki da raguna a Arlit, suka loda a mota zuwa wurin zinariya inda nama ke da daraja. Kwana shida da saukarsu awaki suka fara zawo da majina, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, "Baba, ranar da kuka loda ba ka ga komai ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, akwai wata akuya da hancinta ya toshe da busasshiyar majina, idonta da kwantsa. Na ɗauka ƙurar kasuwa ce." Akuyar nan ɗaya ta cinye ribar ƙungiya har ta taɓa uwar kuɗi. Da an buɗe bakinta a kasuwa, da an bar ta a can.

Duk wanda ya san Tchibarakaten ya san dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a can. Tun da aka gano zinariya a 2014 dubban mutane suka taru a wurin, can arewa maso gabas da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Ba makiyaya, ruwa sai wanda motoci suka kawo daga nesa, kuma tsakaninka da ma'aikatar kiwo ɗaruruwan kilomita ne na rairayi da duwatsu. Bisar da ta hau mota da cuta, kai da ita ne kawai a can. Don haka dubawar da za ta cece ka ita ce wadda ka yi kafin ka biya kuɗi, kafin ka loda, kafin ka gwama sabuwar bisa da garkenka.

Abin da ke cikin kai da wuya

A kai ne fatar cikin jiki take fitowa fili. Jar fatar cikin ido, dasashi, ganda da cikin hanci duk cike suke da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa launinsu ke gaya maka halin da jinin bisa yake ciki ba tare da ka yanka ta ba.

Akuya, tunkiya da saniya ba su da haƙoran gaba a sama, sai wani dasashi mai tauri. A ƙasa suna da takwas. Idan aka haɗa da matauna, babbar bisa tana da haƙora 32. Raƙumi yana da 34: shida a gaba ta ƙasa, ga kuma fiƙoƙi sama da ƙasa waɗanda ke iya karya hannun mutum.

A ƙarshen baki hanya ta rabu biyu. Maƙogwaro shi ne hanyar iska. Yana tsakiyar wuya ta ƙasa, idan ka shafa za ka ji shi zobe-zobe. Maƙoshi shi ne hanyar abinci, yana gangarawa ta gefen hagu na wuya. Tsaya a hagun akuya mai tuƙa ka lura, za ka ga loma tana hawa tana sauka. A kowane gefe na wuya akwai kwari mai tsawo, a ciki babbar jijiyar jini take kwance, wadda ke maido da jini daga kai zuwa zuciya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, na akuya da na raƙumi da na mutum duk ɗaya, tsawonsu ne kawai ya bambanta.

Sai kaluluwa. Waɗannan ƴan ƙwayoyi ne a ƙarƙashin fata masu tace ƙwayoyin cuta, kuma kowace tana gadin yankinta. Akwai ɗaya a ƙarƙashin kunne, ɗaya a kusurwar muƙamuƙi, ɗaya a gaban kafaɗa. Raƙumi yana da wata a gindin wuya, gab da ƙirji, wadda hannu ke samu da sauƙi. Idan ciwo ya shiga wani yanki, kaluluwar wurin ce ke fara kumbura.

Tsaya nesa tukuna

Kada ka fara da kamu. Bisar da aka kora aka kama numfashinta da idonta sun riga sun canza. Tsaya kamar taku goma ka kalle ta cikin ƴan'uwanta. Tana tuƙa? Kunnuwanta a tsaye suke suna bin motsi, ko sun langaɓe? Ta ware gefe ta sunkuyar da kai? Bisar da ta miƙe wuya ta buɗe baki tana neman iska, huhunta ko maƙogwaronta na cikin wahala. Wadda ta karkata kai gefe guda, a duba kunnenta. Wadda ke zagaye wuri ɗaya ko ta jingina goshi a bango ta ƙi ɗagawa, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Dubi fuskar daga gaba ka gwada hagu da dama: kumburi a gefe ɗaya yawanci haƙori ne, ƙaya, maruru ko saran maciji.

Daga nan sai kamu. Akuya da tunkiya, ka sa su tsakanin ƙafafunka ko wani ya riƙe maka, kada a ja ta da kunne. Raƙumi a gurfanar da shi, a ɗaure ƙafar gaba, mai shi ya riƙe akala, kai kuma ka tsaya a gefe. A yi hattara da amale a lokacin sanyi, lokacin da yake neman taguwa. Kullum ka bi tsari ɗaya: ido, hanci, baki, kunne, muƙamuƙi, wuya. Wanda ke tsallake-tsallake shi ke mantuwa.

Ido

Juya bisar wajen haske. Da babban yatsa ka danna fatar ido ta sama a hankali, da ɗayan ka ja ta ƙasa, ka dubi launin ciki.

Ja mai haske ko ruwan hoda mai kyau, jini ya wadata. Fari-fari, jini ya yi ƙaranci. Ga bisar da ta taso daga kudu ko wadda ke kiwo a gefen garake na Ayar, a fara zargin tsutsar ciki mai shan jini. Ga raƙumin da ke ramewa, tozo na zubewa, ido na hawaye, a zargi sammore, wanda ƙudaje masu cizo ke yaɗawa. Yunwa mai tsawo ma tana fasa launin ido. Rawaya na nuna hanta ko cutar da kaska ke kawowa. Ja mai duhu kamar garwashi, zazzaɓi ne mai ƙarfi. Shuɗi-shuɗi, iska ba ta isa jini.

A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani kati mai suna FAMACHA, mai launi biyar daga ja zuwa fari, wanda ake karawa a gefen idon tunkiya ko akuya. Amfaninsa shi ne a ba maganin tsutsa ga masu fararen idanu kawai, a bar sauran. Kuɗi ya ragu, kuma tsutsa ba ta saurin sabawa da magani. Ko ba ka da katin, ka buɗe idon bisarka mafi ƙoshin lafiya ka gwada da na wadda kake zargi.

Idon da ya faɗa ciki alamar ƙishirwa ce mai tsanani. Ido ɗaya mai hawaye, a nemi ƙaya ko tsakuwa, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri. Idanu biyu masu kwantsa tare da majina, ciwon na jiki duka ne.

Hanci

Sa bayan hannunka a gaban hancin ka ji ko iska na fita daidai ta ƙofofi biyu. Sannan ka sansana. Wari kamar ruɓaɓɓen nama na nuna ruɓa a huhu, a baki ko a ƙashin fuska.

Majina tsararo bayan tafiya cikin ƙura ba abin tashin hankali ba ce, idan bisar na ci kuma jikinta ba zafi. Atishawa da girgiza kai da majina mai kauri, bisar kuma tana cin abincinta, sau da yawa tsutsar hanci ce: wani ƙuda ke ajiye ta a hancin tunkiya, raƙumi ma yana da irin tasa, har yakan fyato ta ƙasa. Majina mai ruwan ɗorawa daga ƙofofi biyu, ta bushe ta toshe hanci, ga zazzaɓi, wannan ita ce ta akuyar dattijon nan. Jini kaɗan-kaɗan daga hanci ko baki bayan an sha a tafkin duwatsu, a leƙa a ga ko matsattsaku ne ya maƙale.

Baki

Kafin ka sa hannu a bakin kowace bisa, ka karanta gargaɗin haukan kare da ke ƙasa.

Ɗaga leɓe ka danna dasashi da yatsa har ya yi fari, ka saki. Ga mai lafiya jan yana dawowa kafin ka ƙirga biyu. Dasashi mai danƙo ko busasshe, ruwan jiki ya ƙare.

Dubi cikin leɓe, dasashi, ganda da harshe. Ƙananan gyambuna masu farin abu a kai kamar an barbaɗa dusa, ga wari, ga majina da kwantsa, daga baya zawo: bushiyar awaki da tumaki ke nan, wadda ma'aikata ke kira PPR. Tana ɗaukar kwana huɗu zuwa shida a jiki kafin ta bayyana, shi ya sa garken da aka loda lafiya yake faɗuwa bayan an sauka. A garken da bai taɓa samun allura ba tana iya kashe mafi yawan awaki. Ɓawon ƙuraje masu kauri a wajen leɓe, musamman ga ƴan awaki da ƴan raƙuma masu cin itatuwa masu ƙaya, wata cuta ce daban mai sauƙi, amma tana kama hannun mutum, kuma tana hana ƙarami tsotso har yunwa ta kashe shi. Ƙuraje a leɓe, hanci da fatar ido tare da kumburin kai ga ƙaramin raƙumi, agana ce ta raƙuma. Ga shanu, dalala mai yawa da bororo a harshe tare da ɗingishi, ciwon baki da kofato ne.

Haƙora na faɗin shekaru. Ga akuya da tunkiya, manyan haƙora biyu na tsakiya suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi. Huɗu, wajen shekara biyu. Shida, wajen uku. Takwas, wajen huɗu. Raƙumi yana canza biyun farko wajen shekara biyar, bakinsa ya cika wajen bakwai. Bisar da haƙoranta suka zube ko suka cinye ba za ta iya da busasshiyar ciyawa ba, komai arharta. Shafa kumatu daga waje ma: tauna da ta taru gefe guda tana nuna mataunin da ya karye.

Amale a lokacin barbara yana fito da wata jar tsoka daga baki yana hura ta kamar balan-balan. Gandarsa ce ta baya, lafiyarsa ƙalau. Amma idan ta ji ciwo ta kumbura ta ƙi komawa, ya kasa haɗiya, a nemi likita, kada a yanke ta da wuƙa.

Kunne, ƙaho da ƙeya

Leƙa cikin kunne ka nemi kaska, ruɓa ko wari. Kunnuwa masu sanyi ƙalau ga bisar da ke kwance alama ce ta ta yi nisa. Duba ko akwai alamar da masu allurar rigakafi ke yi a kunne. Gindin ƙaho mai zafi ko mai fitar da ruwa, a kula da shi kafin ƙuda ya sa tsutsa. Baƙin ruwa mai wari da ke tsattsafowa daga ƙeyar amale a lokacin sanyi ba ciwo ba ne. Amma zubar gashi da kaurin fata a kai da gindin wuya, raƙumi na ta goga jiki a itace, ƙazuwa ce. Tana bin akala da shimfiɗar sirdi zuwa wani raƙumin, tana kama mutum kuma.

Muƙamuƙi da wuya

Tsinci fatar wuya da yatsu biyu ka ɗaga ka saki. Ta koma nan take, ruwan jiki ya isa. Ta tsaya kamar tanti, a fara ba da ruwa kaɗan-kaɗan a inuwa kafin a yi maganar allura. Bisashe da yawa da ke sauka daga mota a Tchibarakaten abin da ke damunsu ke nan.

Kumburi a ƙarƙashin haɓa iri biyu ne, kuma hannu ke raba su. Mai sanyi, mai taushi, ba ciwo, yatsa na barin rami a ciki: ruwa ne ya taru saboda jini ya tsinke, daga tsutsar ciki, ciwon hanta ko yunwa. Tsaga shi ko yi masa lalas ba ya ƙara komai sai gyambo. Mai zafi, mai ciwo, ya taso cikin yini ɗaya ya bi maƙogwaro, bisar na numfashi da ƙara, wannan na gaggawa ne, yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Shafa kaluluwa hagu da dama a lokaci guda ka gwada girmansu. Ta lafiya tana zamewa a ƙarƙashin yatsa, ba ta da zafi. Wadda ta zama maruru mai kaurin ruɓa kamar cuku tana yaɗuwa a garke idan ta fashe a wurin kwana ko a bakin kwamin ruwa. A ware bisar, a jira ya nuna, ma'aikaci ya tsaga ta ƙasa, a tara ruɓar a ƙone, a wanke da aidin.

Matsa maƙogwaro a hankali kusa da maƙoshi. Mai lafiya ba ta damuwa, mai ciwon huhu sai ta kama tari. Bi gefen hagu da hannu: dunƙule mai tauri tare da dalala da kumburin ciki, wani abu ne ya tsaya, leda ko ƙwallon mangwaro. Kada a tura sanda. Jijiyar wuya da ta cika ta yi tauri kamar igiya alhali ba a danne ta ba tana nuna ciwon zuciya. Kumburi a saman maƙogwaro ga jariran awaki, maƙoƙo ne, a ba iyaye gishiri mai aidin.

Idan kana da ma'aunin zafin jiki, kammala da shi ta dubura. Akuya da tunkiya, 38 da rabi zuwa 40. Saniya, 38 zuwa 39 da rabi. Raƙumi a auna shi da sassafe, lokacin yana wajen 36 zuwa 37, domin jikinsa na hawa da rana. Mai ƙishirwa yana iya tashi daga 34 da asuba ya wuce 40 da la'asar ba tare da ciwo ba.

Alamomi huɗu da ake janye hannu

Na ɗaya, bisa mai dalala, ta kasa haɗiya kamar ƙashi ya maƙale mata, kukanta ya canza, ko tana cizon abin da ta samu. Haukan kare yana zuwa da wannan kama. Kada ka sa hannu a bakinta. Wanda aka ciza ko yawun ya taɓa masa rauni ya wanke da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi gidan likita a ranar, domin idan ciwon ya bayyana ga mutum ba ya warkewa.

Na biyu, bisar da ta mutu farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci, baki ko dubura. Ciwon saifa ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ba a feɗewa, ba a cin naman, ba a sayar da fatar. A ƙone ko a binne da zurfi.

Na uku, dasashi da cikin ido ja wur, haki, dalala, rawar jiki, faɗuwa cikin mintoci bayan an sha ruwa. Makiyayan kudu sun san irin wannan mutuwa daga gyauron dawa. Gubar iri ɗaya ce da siyanir da ake jiƙa garin dutse da shi don fitar da zinariya. A kore sauran bisashe daga ruwan nan take, kada kowa ya ci naman. Duk ruwan da ya kwanta kusa da wurin wankin zinariya, a Tchibarakaten ne ko a kewayen Arlit, a ɗauke shi haramun ga bisa komai ƙishirwa. Makanta farat ɗaya da cizon haƙora da jingina goshi kuma, a bincika ko ta lashi tsohon batirin mota.

Na huɗu, bisa fiye da ɗaya da majina, kwantsa da gyambon baki. A ware su, a dakatar da saye da sayarwa, a kira ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mai zaman kansa na yankinku.

Dura da allura

Tun da hanyar iska da ta abinci a wuri ɗaya suka rabu, kada a ɗaga kan bisa sama sosai wajen dura, kada a riƙe harshenta, kada a zuba ta hanci. A bar kai daidai, a zuba kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Ta yi tari, a tsaya. Na ga bisashen da durar ta kashe alhali ciwon da ake yi wa magani ƙarami ne. Allura a gefen wuya ake yi, a gaban kafaɗa, sama da kwarin jijiya, ƙasa da doron wuya. Allurar jijiya aikin wanda aka koya wa ne. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalba kafin a yanka ko a sha nono. Bisar da za a kai wa mahauta gobe ba a yi mata allura yau.

Aikin ƙungiya

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su riƙa wannan dubawa ranar saye, kuma maganarsu ta zama ta ƙarshe a kan bisar da za ta hau mota. A sayi ma'aunin zafin jiki, safar hannu, aidin da littafin rubutu. Sabbin bisashe su yi mako uku a ware kafin su shiga garken gida. Idan za ku kira likita, ku shirya amsar waɗannan: wace bisa, shekarunta, kwana nawa da farawa, launin ido, irin majina, abin da ke cikin baki, inda kumburi yake da ko yana da zafi, nawa suka kamu, nawa suka mutu, ina suka sha ruwa. Da hoton ido da na baki ta WhatsApp, ana iya ba ku shawara mai amfani daga nesa.

Kada kuma a ɓoye garke idan masu allurar rigakafin shekara-shekara suka zo. Kyauta gwamnati ke yinta, kuma allura ɗaya ta PPR tana kare bisa aƙalla shekara uku. A 2011 aka tabbatar bushiyar shanu ta ƙare a duniya, kuma a taron Abijan na 2015 ƙasashe suka ɗauki alkawarin kawar da ta awaki da tumaki kafin ƙarshen 2030.

Gobe da safe kafin ku saki garke, ku kama bisa uku masu lafiya ku bi tsarin nan daga ido zuwa gindin wuya. Hannun da ya saba da mai lafiya shi ke gane marar lafiya a kasuwa. Darasi na gaba a kan ƙirji da ciki ne. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.